Gaɓar da na tsallake a takensa

Shekara tara ina yi wa ɗan kokawa guda kiɗa a Damagaram. Unguwarmu ɗaya a Birni, tare aka yi mana kaciya. Ba shi da gona, ba shi da rumfa a kasuwa, kokawa ita ce sana'arsa. Daga kaka zuwa bazara muna yawo gari-gari, shi da ƙirjinsa, ni da gangata, abin da 'yan kallo suka yi mana kari shi muke ci.

Kowane ɗan kokawa yana da takensa, wato kiɗan da ake yi masa shi kaɗai. Nasa ni na tsara, kuma a tsakiya akwai wata gaɓa inda ganga take cewa "bayanka bai san ƙasa ba". Ba ya shiga fili sai ya ji ta. Da ta zo sai ya ɗaga hannu biyu, ya kurma ihu, ya faɗa ciki. Na sha ganin ƙarti sun karaya tun daga wannan ihun, kafin a taɓa juna.

Ana saura shekara guda Nasara su miƙa mulki, wani manomi daga Hamdara ya kada shi. Ko yadda aka yi ban gani ba. Abokina bai taɓa tayar da zancen ba, amma ya rage cin tuwo, ya ƙara layu har ɗamararsa ta yi nauyi.

Da kakar shekarar 'yancin kai aka sake haɗa su a fili, bayan ganuwa, da la'asar. Fataken Kano sun rufe rumfunansu, ma'aikatan bariki sun zo da kekunansu, ba masaka tsinke. Mun san in ya sake faɗuwa, ba mai ƙara gayyatarsa ko'ina.

Ina cikin ɗaure tsirkiyar ganga, sai tsohon makaɗin mutanen Hamdara ya leƙo ya ce, "Ɗan Birni, yau ma bayan nasa bai san ƙasa ba? Mu dai bara mun ga yashi a kai." Jama'arsu suka kwashe da dariya.

Ni mutum ne mai zuciya, na tsani a yi mini dariya, balle a mai da ni maƙaryaci a bainar jama'a. Kuma in faɗi gaskiya, na dubi abokina, na ga kafaɗunsa sun sauka, ni ma na fara shakkar zai iya.

Na soma take. Da na iso gaɓar, hannuna ya noƙe, na tsallake ta, na wuce gaba. Cikin dubban nan ba wanda ya lura sai shi. Ya riga ya ɗaga ƙafa ɗaya, hannayensa sun kai kafaɗa. Ya tsaya a haka, ya waiwayo ya dube ni. Sannan ya shiga fili shiru.

Nan take na gane ɓarnar da na yi. Na koma na buga gaɓar sau uku, har fatar ganga ta nemi fashewa, amma sun riga sun sarƙe. Mutumin da kullum shi ke fara kai hannu, sai ga shi yana ja da baya. Sau biyu yana samun ƙafar manomin, kamun da ya sha kada mutane da shi, sau biyu yana saki kamar ya taɓa tukunya mai zafi. A na uku manomin bai jira ba, ya sunkuya, ya ɗauke shi cak.

Na same shi a bakin rijiya yana wanke yashin bayansa. Kunya ta hana ni duban fuskarsa. Na ce, "Maigida, ƙaddara ce."

Ya ci gaba da zuba ruwa. Can ya ce, "Ni ma na san bayana ya san ƙasa. Damagaram duka ta sani. Ce nake kai kaɗai ne ba ka yarda ba."

Bai sake ɗaura ɗamara ba. Ya koma dakon buhunan gyaɗa, muka tsufa a unguwa ɗaya, kullum muna gaisawa a ƙofar masallaci. Har ya rasu bai ƙara cewa in buga masa takensa ba.