Bangon da Rina Suka Hana a Yaɓe

A shekarun farko na samun mulkin kai na komo Tawa daga karatu a Yamai, aka ba ni aji a wata lakwal, wato makarantar boko, ta cikin gari. Ban jima ba daraktanmu ya yanke shawarar a yi nunin hotunan tsofaffin gine-ginen Adar a farfajiyar makaranta, domin yara su ga abin da kakanninsu suka gina. Ya ara mini akwatin hotonsa da fim guda, ya gargaɗe ni cewa in ya ƙare, wani ba zai iso daga Yamai kafin ranar nuni ba. Na ɗauki wani masallaci a cikin gari, na ɗauki rumbunan Afala masu ciki kamar randa, sannan na rage ƙarshen fim ɗin saboda abin da na fi ƙwallafa rai a kansa, wato zauren mai garin wani ƙauye da ke kusa da Bambeye.

Ba zan faɗi shekarun zauren ba, domin duk wanda na tambaya amsarsa daban. Abin da idona ya gani shi ne ginin ƙasa mai kauri, ƙofarsa na duban kudu, da zane mai tudu da kwari wanda ya kewaye ƙofar har ya karya kwana zuwa bangon yamma. Ruwan damuna ya lashe gefen zanen, wani wurin ya tsage, kan azara ya leƙo. Burina shi ne in fito da wannan tsohon zane yadda yake, ba ƙari ba ragi.

Zuwana na farko ban danna komai ba, kallo kawai na yi. Na lura cewa da tsakar rana zanen yakan ɓace, bango ya koma kamar shafaffe, amma da hantsi, lokacin da haske ke shigowa daga gefe, kowane tudu yakan jefa inuwarsa a cikin kwarin da ke kusa da shi. Na kuma gane cewa in mutum ya matsa kusa ya ɗaga akwati sama, ginin zai fito kamar zai kife ta baya, saboda haka gara a ja baya a riƙe akwatin daidai ƙirji. Na yi wa mai gari sallama, na gaya masa ranar da zan dawo da sassafe. Ya ce Allah shi kai mu.

Ranar na taso a keke bayan asuba. Tun daga nesa na hangi zauren ya yi duhu, na ɗauka inuwa ce. Da na iso sai na tarar an yaɓe fuskarsa duka da sabuwar ƙasa, ko bushewa ba ta yi ba, magina sun sake zane da yatsu a kanta. A gaban ƙofa kuma mutanen gari ne jere cikin tufafin Salla, mai gari a tsakiya da babbar riga, wani har ya jawo dokinsa.

Na sauka na gaishe shi. Ya dubi fuskata, ya kira ni yadda ake kiran malaman lakwal, ya ce, "Mushe, lafiya? Kamar wanda jakinai ya ɓace ranar kasuwa."

Na ce, "Ranka shi daɗe, tsohon zanen na zo ɗauka."

Ya ce, "To ga shi nan a ƙarƙashi, ba wanda ya kai shi ko'ina. Kai da za a ɗauke ka hoto, da rigar gona za ka tsaya? Mutanen Tawa za su kalle mu, ai sai mu wanke fuska."

A wurinsu abin a fili yake. Baƙo in ya sa rana, akan share gida a gyara bango, balle baƙon da zai ɗauki gidan ya kai birni. Tun ranar da na tafi aka kira gayya, mata suka ɗebo ruwa, maza suka kwaɓa ƙasa, duk don a girmama ni. Na tsaya riƙe da keke, ina kallon ɗanyen bangon.

Mai gari yana da yaya mace, tsohuwa ce mai baki, wadda tun zuwana na farko ta mai da ni mijinta na wasa. Ta dogaro sanda ta ce, "Angona, mi ya same ka? An yi maka kwalliya kana ɓata rai. In tsufa kake nema ai ga ni."

Aka yi dariya. Na ce, "Uwargida, ke ai ba ki tsage ba."

Ta ce, "Ba ka duba da kyau ba. Amma in tsaga ce abin sonka, zaga yamma. Ragwayen nan sun bar bango guda, wai rina sun yi gida a ƙarƙashin indararo."

Na jingine keke na zaga. Gaskiyarta ne, tsohon zanen na nan yadda na bar shi, rina na kai da komo a samansa.

Mai gari ya biyo ni, ya ce ko kusa. Ba za a nuna wa mutanen birni gefen da ba a gama ba, a ce garinsa ba magina. Na yi masa bayani a hankali cewa sabon yaɓe shaidar ƙwazon mutanensa ne, tsohon kuwa shaidar hannun magabata, kuma ba ni da ikon rubuta "tsohon zane" a ƙarƙashin aikin da bai bushe ba. Muka daɗe muna ja. Daga ƙarshe muka daidaita a kan in ɗauki duka biyu, a rataye su wuri ɗaya, na kwalliya a sama.

Na fara da na kwalliya kafin hantsi ya wuce. Ɗanyen yaɓe yana shan haske, don haka na ƙara buɗe idon akwatin kaɗan. Wahalar ita ce jama'a sun rufe ginin ƙaf. Na roƙi dogaye su durƙusa, mai doki ya ja gefe, tsohuwa ta ce ita ba ta durƙusa wa miji a bainar jama'a. Haka na ɗauke ta a tsaye.

Bangon yamma kuwa sai da na jira rana ta ɗan karkata bayan tsakiya, lokacin da haske ke gogar bangon daga sama. In aka bari la'asar ta yi, rana za ta dube shi ido da ido, zanen ya sake ɓacewa. Wannan lokaci shi ne na zafi, shi ne kuma na hidimar rina. Tsohuwa ta ce a kawo mata wuta da kara ta kore su da hayaƙi. Na roƙe ta ta bari, domin hayaƙi zai dusashe hoton, ga magina kuma tsugune da sauran kwaɓaɓɓiyar ƙasa suna jiran rina su tashi bangon ya zama nasu.

Na tsaya inda na auna, na haɗa gwiwar hannu da haƙarƙari, na riƙe numfashi. Sai rina ɗaya ta sauka a bayan hannuna na dama. Saura ɗauka guda a fim ɗin, in hannu ya motsa shi ke nan. Na bar ta tana yawo a kan fata, na danna a hankali har na ji ƙarar akwatin. Da na sauke hannu ta harbe ni. Tsohuwa ta shafa mini ɗanyar ƙasar yaɓen a wurin, tana cewa yau ta ga mijin da ke tsoron hayaƙi ba ya tsoron rina.

Har aka wanko hotunan a wurin wani mai hoto a bakin kasuwa hankalina bai kwanta ba, ina ta tunanin ko hannuna ya girgiza. Bai girgiza ba. Kowane layi ya fito da inuwarsa, har tsagar da ta ratsa kwana.

Ranar nuni mai gari ya zo da kansa don ya tabbatar an cika alkawari. Ya dubi na sama, ya nemo kansa a ciki, ya gyaɗa kai. Sannan ya sunkuya kan na ƙasa ya daɗe.

Ya ce, "Mushe, kullum ina wucewa ta nan ban taɓa ganin layin nan biyu ne ba. A sabon yaɓen gaba, layi guda magina suka yi mini."

Na ce, "Biyu ne, ranka shi daɗe. Ruwa ne ya kusa haɗe su."

Ya ce, "Kafin damuna dole a yaɓe bangon, in ba haka ba shi zube. In an tashi nunin ka ba ni wannan, in aje shi gaban magina su bi shi daidai."

Da aka tashi na nemi izinin darakta, na sa hoton tsakanin kwali biyu, na kai masa da kaina.