Kyautar da Aka Ƙwace wa Kurum

An ba ƙanena lambar farko a gasar gajerun labarai ta intanet, kafin mako ya zagayo aka karɓe. Laifinsa in'ina.

Mai aski ne. A gida Kurum muke ce masa, don tun yana yaro kalma ke tsaya masa a wuya kamar ƙashin kifi. A makaranta in ya tashi ba da amsa, malami ya ce, "Zauna, za mu dawo kanka." Har ya gama ba a dawo ba.

Shagonsa kujera ɗaya, madubi mai tsaga a kusurwa, da fankar da gefe ɗaya kawai take kallo. Amma layi ake yi, domin shi kaɗai ne mai askin da zai gama da kanka bai gaya maka yadda za a gyara ƙasa ba. Ranar da ya je neman aure, matar ce ta ƙarasa masa zancen. Har yau tana cewa da ta tsaya jiransa, da yanzu ba su haihu ba.

Rubutu a waya yake yi, da babban yatsa, tsakanin wannan kai da wancan. Labarin da ya tura gasar na wani dattijo ne mai sanƙo da ke zuwa aski duk mako tun da matarsa ta rasu, don kawai wani ya taɓa masa kai. Ni ba mai kuka ba ce. Na karanta, na ce mura nake yi.

Alƙalan gasa suka zaɓe shi, aka sa sunansa a shafi. Sai ga saƙo wai wanda ya ci zai karanta labarinsa kai tsaye a bidiyo. Na bi ƙa'idojinsu layi-layi, babu wannan. Ya roƙa a bar 'yarsa ta karanta masa, suka ce a'a.

Ya sa sabuwar riga, ya zauna a kujerar askinsa, ni na riƙe waya. Kalmar farko "Dattijon". Ya kama "Da", ya riƙe, jijiyar wuyansa ta miƙe. Ina ganin 'yan fuskokin dariya suna hawa allo kamar kumfa. Yarinyar da ke gabatarwa ta ce, "Da alama layinsa ba kyau," ta kashe. Layi lafiya lau yake. Washegari sunan na biyu ya hau sama.

Na kira shugaban gasar.

"Mama, ki fahimta," in ji shi, "marubucin zamani sai ya iya tallata kansa."

"Ɗan nan, gasar rubutu kuka yi ko ta 'yan kamasho?"

"Masu ɗaukar nauyinmu suna son abin da jama'a za su kalla."

"To ku sa akuya ta yi rawa."

Ya ce zai kira ni. Bai kira ba.

Kurum bai ce komai ba, wannan kuwa ba labari ba ne. Abin da ya tayar min da hankali, matarsa ta ce tun ranar wayarsa tana cikin aljihun tebur tare da tsofaffin reza. In ba kowa a shago sai ya zauna yana goge almakashin da ya riga ya goge.

Saboda haka ku masu gasa, ku saurara. Ku mayar da sunansa inda alƙalanku suka sa shi. Ku goge bidiyon nan da har yanzu ake yawo da shi. Ku rubuta a shafinku, da manyan baƙaƙe, cewa ba layi ne ya yanke ba, ku kuka yanke shi. Kada ku kira shi a waya. Ku rubuto masa.