Yadda Turanci Yake Isowa Afirka Kowace Asabar

Kafin in je Guangzhou ni malamin Turanci ne a wata sakandare a Kano, kuma ina ji da kaina. Kawuna, ƙanen mahaifiyata, shi ya ɗauko ni in riƙa cika masa takardun kwantena a tashar jiragen ruwa ta Huangpu, don Turancinsa bai wuce na ciniki ba. Da shekarar gasar Olamfik ta kama sai aka matsa wa baƙi. Sabunta biza ya zama jan aiki, 'yan sanda suna tare mutane a bakin kasuwa suna duba fasfo, wanda tasa ta mutu kuwa sai ɗakin tsaro, daga nan sai jirgi. Tawa ta kusa mutuwa. Kawu ya ce shi ma ta kansa yake yi.

A lokacin garin ya haukace da koyon Turanci, har direban tasi sai ya gwada nasa a kanka. Na samu koyarwa a wata makarantar kuɗi ta yara. Shugabar 'yar gajeruwar mace ce mai fara'ar 'yan kasuwa, ta ce makarantar za ta nema wa baƙo ɗaya takardar zama. Mu biyu ne baƙin: ni da wani dogon Bature ɗan Rasha, wanda in ya haɗa jimla sai ka ji kamar kwanuka sun zube. Hotonsa ne a allon talla na bakin ƙofa.

Ta ce za a yi wa iyaye biki, duk wanda ya burge su takarda tasa ce. Na ce a bar mini wasan kwaikwayo, zan nuna tarihin Turanci tun daga tushe. Abin da na fi so ke nan tun a jami'a. Na kwaso kwalaye daga sito ɗin Kawu muka yi jiragen ruwa. Wasu yaran suka zama ƙabilun da suka ƙetaro teku daga ƙasar Jamus zuwa Ingila da yarensu na manoma, wasu suka zama maharan arewa masu gatari, da suka zo sata suka ɓuge da aure da zama. Sai wata ƙabila mai suna Nomawa, masu Faransanci, suka ci ƙasar, fada ta koma Faransanci, coci tana Latin, Turanci ya zama na barori da masu kiwon alade. Wannan wurin yana yi mini daɗi ƙwarai. Yaren da aka zane mu a kansa a firamare, ashe shi ma ya daɗe yana cin abinci a bayan gida.

Ana gab da biki shugabar ta kira ni ofis.

"Wasanka bai ƙare ba," in ji ta. "Ina wurin da Turanci ya je Afirka?"

Ta jawo leda daga ƙarƙashin tebur. A ciki akwai bante na ciyawar roba, da sarƙar ƙasusuwan roba, da farin alli na shafawa a fuska. Ni zan sa. Na ce mata a garinmu ana rubuta littattafai da ajami tun kafin Bature ya san hanyar Kano. Ta gyaɗa kai kamar ta ji, ta ce, "Shi ma ɗan Rashan bizarsa ta kusa ƙarewa."

Na tarar da Kawu a sito yana duba kwalayen takalma. Na ce, "Kawu, tsirara fa za su yi mini a gaban jama'a."

"Da gajeren wando a ciki ko babu?"

"Akwai."

"To ina tsiraicin? Kai ɗan boko, girman kan naka ne zai buga maka hatimi a fasfo? A iza ƙeyarka gida da ankwa, ka je ka ce wa yayata me?" Ya ci gaba da aikinsa, can ya ɗago. "Ƙarfe nawa za a fara?"

Ya zo kuwa, shi da abokansa biyu, suka zauna a layin gaba.

An gabatar da ɗan Rashan cikin kwat a matsayin wanda ya rubuta wasan, ya rusuna aka tafa masa. Yaran suka yi abin da na koya musu ba kuskure, har na ji ƙwalla daga bayan labule. Sai aka buga ganga. Na fito da rarrafe sanye da banten daga bayan wata bishiyar kwali, aka miƙo mini littafi, na zabura na ja da baya, na dawo na shinshina shi, na riƙe shi a juye. Yarinyar da ta fito a matsayin sarauniyar Ingila ita ce ɗalibata mafi ƙwazo, ni na gyara mata harshe harafi bayan harafi. Ta nuna ni da sanda ta ce, "Ce A."

Na ce A.

Ɗakin ya kece da dariya. A cikin duk wannan hayaniya na tsinci muryar Kawu, na san ta tun ina goye. Ya ɗaga waya sama yana ɗauka, yana ta ƙyaƙyata dariya. Ban taɓa tsanar wani ɗan Adam kamar yadda na tsane shi a lokacin ba.

Kafin Juma'a bidiyon ya zaga shagunan mutanenmu daga waya zuwa waya. Muna fitowa daga masallaci wani Alhaji ɗan Maraɗi, mai furfura da carbi, ya riƙe hannuna da ladabi ya ce, "Malam, don Allah ce mana B." Aka yi ta dariya ana neman takalma. Na yi tafiyata, ban ko tsaya cin abinci ba.

Takarda ta fito. Shugabar da kanta ta miƙo mini fasfona da hannu biyu, na buɗe na ga hatimin. Na tambaye ta wane aji zan shiga ranar Litinin. Ta ce ajin ya koma hannun ɗan Rashan, iyaye sun fi son haka, shi ma ta samo masa wata hanyar. Aikina yanzu shi ne wasan nan, kowace Asabar, a manyan kantuna, don jawo sababbin iyaye. Ranar da na daina, makaranta za ta janye sunanta daga takardar.

Na kai bakin ƙofa ta sake kirana. Ta ce akwai ƙorafi guda ɗaya daga iyayen: na yi saurin iya karatun, tun daga C bakina ya koma na malami, abin bai yi kama da gaske ba. Asabar mai zuwa in ƙara kakarewa.

Na sa fasfon a aljihun gaba na danne shi da hannu. Na ce mata to. Ranar Asabar sai da yarinyar ta maimaita har ta gaji kafin in iya cewa A.