Neman Mai Haɗa wa Baba Gidan Kifi a N'Djamena

Mun tashi da asuba daga Bongor, ni da ƙanwata, ko shayi ba mu tsaya sha ba. Abin da ya fitar da mu kuwa, wasu in sun ji dariya za su yi. Akwatin gilashi muke nema, irin wanda ake cikawa da ruwa a zuba kifi ana kallo.

Babanmu masunci ne, a kan kogin Logon ya tsufa. Tun da ɓarin jikinsa ya shanye bara bai sake ganin kogi ba, magana ma sai ya ga dama. Wani tsohon abokin sana'arsa ya kawo masa 'yan ƙurungu da karfasa a baho, muka ga fuskarsa ta washe. To amma baho a ƙasa yake, Baba kuwa sai an tallafe shi yake iya leƙawa. Kifin suka fara mutuwa ɗaya bayan ɗaya, kuma duk ranar da wani ya mutu, Baba ture kwanon abinci yake yi. Ƙanwata ce ta ce a samo abin da zai riƙa ganinsu daga kwance. Na auna bangon gefen gadonsa da igiya, na ƙulla ta daidai tsawon, na cusa a aljihu.

Damina ta ci hanya. Direbanmu ya fi tafiya a gefen kwalta a kan kwaltar kanta, kowane shinge kuma sai an tsaya. A Gelendeng aka ba mu lokacin cin abinci, mata suka yanyame motar da soyayyen kifi da dafaffiyar gyaɗa. Na saya, na kasa ci. Na kira Inna, ta ce wata karfasar ta sake mutuwa, ta ɓoye ta kafin Baba ya farka.

Bayan azahar muka haye gadar Shagwa muka shiga N'Djamena. Muka sauka gidan gwaggonmu a unguwar Mardjandafak, ta kawo kisar, wata waina mai faɗi marar kauri, da miyar kuɓewa, ta ce sai mun huta. Ban iya zama ba. Muna gama ci na ja ƙanwata muka taka zuwa Grand Marché, babbar kasuwar garin.

Layin masu gilashi ba ya ɓata, ƙarar yanka ce za ta kai ka. Sai dai duk wanda na nuna wa hoto a waya amsarsa ɗaya ce: “Mafi.” A Larabcin nan babu ke nan, ni kuwa a Hausata mafi abin da ya fi ne, don haka duk yammacin ana ta yi min albishir da babu. Wani ya ce zai iya, ya shiga ciki ya jawo akwatin da ake jera wayoyi a shago. Na tambaye shi ko zai riƙe ruwa. Ya ce: “In Allah Ya so.” Ƙanwata ta taka min ƙafa, muka wuce. Wani babban kanti yana da 'yan ƙanana da aka kawo daga waje, ko tarwaɗa ɗaya ba za ta iya juyawa a ciki ba, farashinsu kuwa sai ka ce rago za ka saya. Ga kuma lissafin kasuwar da riyal, wato sefa biyar-biyar, wanda kullum sai ya juya min kai.

Washegari ma haka muka yi ta yawo, tasi ya ajiye mu, babur ya ɗauke mu. Na fara cewa mu koma gida kawai. Da muka dawo a gajiye, gwaggo ta ce a asibitin haƙorin da take zuwa akwai irin akwatin, ta kira matar da ke karɓar baƙi a can. Aka ce wani mutumin unguwar Kabalaye ne ya yi shi.

Mun same shi a bayan gidansa, dattijo ne ɗan kudu, shagonsa rumfar kwano. Madubi da tagogi ne sana'arsa, gidan kifi kuwa sai in an nema. Akwai guda biyu cike da ruwa a inuwa, ba kifi a ciki, ya ce gwaji yake ko za su yi yoyo. Na miƙa masa igiyata. Ya ware ta, ya girgiza kai. Ya ce mai wannan tsawon yana son gilashi mai kauri, kuma in ya haɗa shi a nan, hanyar Bongor za ta farfasa shi kafin Gelendeng. Akwai roba mai kama da gilashi, ba ta fashewa, amma sai an yi odarta daga Kamaru, jira kuma ba ranar zuwa.

Sai ya tambayi irin kifin da za a sa. Na fara kame-kame, ƙanwata ta ce a kira mai su. Inna ta kara wa Baba waya a kunne, dattijon ya gaishe shi da Larabci, ya ce yana da jajayen kifi na ado, zai haɗa mana da su.

Sai muka ji muryar Baba, a hankali, harshe na harɗewa: “Ba na son na ado. Na kogi. Ka sa yashi, da fasasshen tulu. Ƙurungu yana son wurin ɓuya.”

Dattijon ya ce: “To, Abba. Gartsa fa?”

“Za ta cinye ƙanana.”

Suka yi ta yi. Ƙanwata ta juya baya tana goge ido da gefen mayafi. Rabon da mu ji Baba ya jera magana haka tun kafin ciwon.

Da aka ajiye waya, dattijon ya ce zai yanka gilashin a nan, ya bi mu ya haɗa shi a ɗakin Baba, dama yana da dangi a wajen Bongor da ya daɗe bai leƙa ba. Muka sayi gam da 'yar na'urar hura iska mai aiki da sola. Aka naɗe fallayen a barguna, aka matse su tsakanin katifu biyu. Duk ramin da mota ta faɗa a hanyar dawowa, sai na waiwaya na duba katifun. Falle ɗaya ya ɗan ɓantare a kusurwa, sauran suka iso lafiya.

Yanzu akwatin yana tsaye gefen gado, babu ruwa tukuna, sai gam ya bushe. Ni nake ta zagaye shi ina taɓawa, Baba kuwa ya hana kowa gaggawa. Shi ya faɗi gaɓar da za a ɗebo yashi, jiya kuma ya cinye tuwonsa yana faɗa da Inna a kan wane tulu za a fasa.

Abin da tafiyar nan ta koya min kaɗan ne. A N'Djamena abu yana nan, sai dai ba a layin da kake zato ba, don haka ka tambayi tsofaffin gida kafin ka kashe takalmi. Na biyu kuma ya fi min nauyi. Shekara guda muna tambayar Baba ya jiki, yana ɗaga mana kai. Ashe jira yake a tambaye shi abin da ya sani.