Shamuwa a Garin Kaji

A zangon Bawku, can ƙasar Gana, aka haife ni. Idan an gama tuwon dare, kakarmu Ladi takan jawo 'yar kujerarta bakin murhu, ta tura gyaɗa cikin toka mai zafi, mu kuwa mu kewaye ta. Gaskiya ni gyaɗar ce ke kawo ni, ita ma ta sani. "Kai acici, kunne nake nema, ba baki ba," haka take ce min kafin ta ce ga ta nan.

Akwai wata tatsuniya da ba ta gajiya da ita. Wai shamuwa ce ta zo garin kaji daga nesa, ta ce za ta koya musu tashi sama. Ta hau kan tsamiya tana ta kira safe da yamma, kaji ko ɗaga kai ba su yi ba, tononsu kawai suke. Da yunwa da kunya suka ishe ta, sai ta sauko ta shiga tono da dogayen ƙafafunta, tana tuntuɓe, kaji suna ta dariya. Daga ranar, in ta yi magana sai su saurara.

Na ce, "Kaka, to kajin sun tashi?"

"Ji min yaro! Ka taɓa ganin kaza a cikin gajimare? Sun dai iya hawa katanga."

Yanzu Turanci nake koyarwa a wata ƙaramar sakandare wajen Mugulbu, kudu da Mubi. Malam Gana mutanen garin ke ce min, kuma wallahi ina jin daɗin zama da su. Amma a shekarar farko na sha wuya. Da lokacin cirar gyaɗa ya zo, ajina ya watse, duk yara suna gona. Shugaban makaranta ya ce in aka ci gaba haka za a rufe ajin, ni kuma in tattara nawa in koma gida. Na tsorata ƙwarai. Na aika wa iyaye saƙo, na yi faɗa, shiru kake ji.

Wata Asabar na ji ana gayya a gonar Mama Rifkatu, tsohuwar da jikokinta ke ajina. Na hau mashin na tafi. Ni da cin gyaɗa kawai na iya! In na finciko ganyen, rabin 'ya'yan sai su tsaya a ƙasa. Ɗalibaina suka yi dariya har da riƙe ciki, hannuna ya yi bororo.

Da yamma Mama ta miƙo min kunu ta ce da irin Hausarsu ta can, "Malam, kai bai iya noma ba sam. Amma ka zo. Litinin yara zai je gonanka."

Ranar Litinin benci bai ishe mu ba.

Da ina yaro na ɗauka kaji ne ɗalibai a tatsuniyar Kaka, Allah ya jiƙanta. Sai da na tsufa a bakin allo na gane shamuwar ce aka kai makaranta. Bana ma an aiko min da ranar gayya, har na sayi fartanya tawa.