Ranar da Iya Ta Je Jin Sarewar Bukar

Asabar: Lafiya zuwa Akwanga

Ƙarfe biyar da rabi, ina idar da sallar asuba, na tarar da Iya zaune a tsakar gida da jakarta a kan cinya, ta murtuke fuska kamar wadda za a kai allura. Abuja za mu, wurin ƙanena Bukar. Shekararsa tara a Faransa yana koyon busa sarewar Turawa, ta azurfa, wadda ake riƙewa a gicciye. Marigayi Baba ne ya bar shi ya tafi. Yanzu wata babbar ƙungiyar makaɗa ta can ta ba shi gurbi na dindindin, shi kuwa ya ce ba zai sa hannu ba sai Iya ta sa albarka, kuma ranar Litinin zai ba su amsa. Ita Iya magana ɗaya take yi tun farko: gidanmu gidan alƙalai ne da ma'aikata, ba mu gaji roƙo ba. Da ƙyar na shawo kanta ta zo ta ji da kunnenta, tunda an gayyato shi wasa a Abuja.

Shida da minti goma muka bar tasha. Direbanmu Audu, mutumin Nasarawa Eggon ne, Hausarsa ba ta bambance mace da namiji, bakinsa kuma ba ya hutawa. A ƙauyen Azuba ya tsaya ya cusa doya a but ɗin mota, ya dawo yana haki.

"Mama, ka ja gilas, iska zai dame ka. Biki ne a Abuja?"

"Ina fa biki. Busa za mu je kallo."

"Ah, algaita?"

"Da ma algaita ce, ai da na san inda zan ajiye ta," in ji Iya.

A hawan dutsen nan mai haɗari da ke gaban Nasarawa Eggon kowa ya yi tsit, har Audu. Bakwai da kwata muka shiga Akwanga, kusan kilomita sittin daga gida. Na sayo ƙosai da ayaba, Iya ta ce ba ta jin yunwa, sannan ta cinye rabi.

Keffi zuwa Abuja

Shinge biyu muka wuce kafin Keffi. A na biyun ɗan sanda ya leƙo, ya ga Iya da carbi, ya ce, "Mama, a sa mu a addu'a," ya ɗaga mana hannu. Cunkoson Mararraba ya ci mana awa guda cur. Sai ƙarfe goma muka isa masaukin Bukar.

Tun daga matakala muka ji sauti guda ɗaya, siriri, yana tafiya ba yankewa. Ya ƙaru, ya cika gidan, ya sake sirancewa har ya ɓace, sai kuma ya faro daga farko. Da Bukar ya buɗe ƙofa ya zube ya gaida Iya. Ta amsa a taƙaice, ta nuna sarewar da haɓa.

"Wannan kukan guda ɗaya, shi ka shekara tara kana koyo?"

Ya yi dariya. "Da shi nake buɗe kowace safiya, Iya. Malamata, wata tsohuwa ce, wata huɗu ta hana ni busa waƙa. Sauti ɗaya, sai ya fita tas, sannan in matsa zuwa na kusa da shi, in daidaita su. Haka malaminta ya yi mata, shi ma haka nasa malamin ya yi masa. Mutanen Faransa da wannan aka san su, tsabtar sauti."

"To wa kake yi wa kirari?"

"Ba kowa. A rubuce abin yake, kamar karatu."

Ya miƙa mata takardun. Ta juya su, duk layuka da ɗige-ɗige, ga jan biron malamar ko'ina a gefe. Ta daɗe tana kallon jan biron nan. Sannan ta mayar masa da takardunsa.

Zauren wasa, ƙarfe huɗu

Mun zauna a layi na uku. Bukar ya fito cikin farar kaftani, da wata mata da za ta raka shi da fiyano. Wallahi ban san ƙanena ba sai ranar. Yaron da ba ya iya cin tuwo bai ɓata riga ba, shi ne tsaye kyam, yatsunsa na gudu, sautin na hawa da sauka kamar ba numfashin mutum ke ɗauke da shi ba. In ya sassauta, sai ka ji har ƙarar na'urar sanyaya ɗaki. Tsigar jikina ta tashi, na ji alfahari ya cika ni.

Laifina ɗaya: ban gaya wa Iya ƙa'idar wurin ba. Irin wannan kiɗa kashi-kashi ne, kuma tsakanin kashi da kashi ba a tafi, ba a magana, shiru ake yi har a kai ƙarshe. Bukar ya gama kashi na biyu, mai sanyin nan, ya sauke sarewa kaɗan yana jan numfashi. Zaure ya yi tsit. Sai Iya ta miƙe, ta kama hanci, ta rangaɗa guɗa, irin wadda rabon da in ji ta tun bikina.

Wani Bature a gabanmu har sai da ya zabura. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ina jan mayafinta ina cewa, "Iya, ba a gama ba!" Ta ce, "To su waɗannan duk kurame ne?"

Bukar ya tako bakin dandamali, ya durƙusa har ƙasa, ya ce da mutane cikin Turanci mahaifiyarsa ce, yau ta fara jin sa. Zauren ya ɓarke da tafi. Sai da ya goge ido sannan ya iya shiga kashi na uku.

Lahadi: komawa gida

A Nyanya muka kwana, gidan ƙanwar Baba, aka cika mu da tuwon shinkafa da miyar ɗanyar kuɓewa. Da safe Bukar ya rako mu tasha, ya tsuguna a bakin ƙofar mota, ya kasa tambayar Iya abin da ta yanke. Sai da direba ya tayar da mota ta ɗora hannu a kansa.

"Je ka sa musu hannu. Allah Ya yi maka albarka. Ka ce wa tsohuwar nan na gode da riƙon da ta yi maka."

Tara da rabi muka tashi. Har Keffi fuskarta na waje. Bayan Akwanga na lura mayafinta ya jiƙe.

"Iya, kuka kuma? Ai ke kika yarda."

"Na zo ne da niyyar in komo da ɗana gida," in ji ta. "Da bai iya ba, da na hana shi."

Ƙarfe ɗaya saura muka sauka a Lafiya, ana shirin kiran azahar. Godiya ta tabbata ga Allah da Ya kai mu Ya dawo da mu, da Gwaggo da ta sauke mu, da direbobin da suka yi haƙuri da Iya.