Farar Takardar Gwiwa

Ana idar da sallar asuba muka bar Kazaure mu uku: ni, direba, da wani tsohon abokin karatuna wanda yanzu sai an ce masa Dakta yake waiwayowa. A sakandare bayana yake zama, rabin abin da ya sani na sinadarai kuwa daga littafina ya kwafa. Yau shi ne a gidan gaba yana danna kwamfuta, ni malamin makaranta ina baya rungume da akwatin kayansa. Ba zan ɓoye muku ba, tun kafin mu wuce duwatsun bakin gari hassada ta cika mini ciki.

Aikinsa shi ne gano abin da ke cikin iskar da muke shaƙa. Kwana uku kafin nan ya kafa ƙananan na'urori a garuruwa uku. Kowacce tana zuƙar iska ta cikin wata farar takarda mai faɗin murfin gwangwanin madara, ƙwayoyin da ido ba ya gani su maƙale a jikinta. Daga baya a kai ɗakin gwaji a tantance ko na itace ne, ko na man mota, ko na dutse. Ta ukun a gidanmu na Gwiwa take, a madafar mahaifiyata Inna, wadda tari ya hana sakat shekara biyu. Dakta ya ce hayaƙin girki ne. Ni na ce sanyi ne da tsufa, kuma a gaban ƙannena na faɗa, don haka ba na fatan maganarsa ta tabbata.

Babura muka fara zuwa. Hanya ba laifi, sai inda ruwan damina ya gutsire gefen kwalta. Mun tarar da motocin hatsi da na dabbobi sun cika gari, ana ciniki wani da naira wani da sefa. Muka karya da waina, wadda tsada ta sa ta ƙanƙance kamar kwabo. Mai wainar na jin an ce Dakta ta ƙara masa biyu gyara, ta shiga ba shi labarin ciwon bayanta. Bai ce mata shi ba likita ba ne. Ni ko kallo ban ishe ta ba.

Takardar na'urar da ke kusa da tasha ta fito baƙa wuluk. Ya ɗago ta da ɗan hantsaki, ya ce hayaƙin tsofaffin injuna ne, in an gwada za a ga baƙin gawayi da ɓurɓushin ƙarfe. Na ce a raina wannan ai ko ɗalibaina sun sani.

Da azahar muka isa Roni. Takardar can toka-toka ce, domin na'urar tana kusa da masu fasa dutse. Suka bar aiki suka kewaye shi, wani dattijo ya goge masa benci da hularsa. Ya bayyana musu yadda garin dutse ke zama a huhu ba ya fita, kuma gaskiya ya iya bayani, abin da ya ƙara ƙona mini rai ke nan. Na koma gefe na sha furar wata Bafulatana, ita kaɗai ce ta kira ni Malam a ranar.

La'asar ta yi mana a Gwiwa. Inna ta shimfiɗa tabarma a zaure, ta aiko da dambu, ƙanena ya kawo na'urar. Dakta ya buɗe, sai ga takarda kusan fara fat. Ya jujjuya ta, sannan ya ce, "Da alama kai ke da gaskiya." Ƙannena suna nan suna ji. Rabona da jin daɗi irin wannan tun ranar da na ci jarrabawa ya faɗi.

Na shiga ciki in ɗebo ruwa. Na tarar da Inna a madafa tana hura wuta da leda, kamar yadda duk matan unguwar ke yi in itace ya ƙi kamawa. A kan ƙusa ga wani farin zaninta, gefe guda ya yi baƙi ƙirin.

"Inna, me ya sami zanin nan?"

"Ai saboda kayan baƙon nan ne. Na ga hayaƙi zai ɓata masa abinsa, sai na ninka zani huɗu na naɗe shi tun ranar da ya tafi. Da na ji motarku na warware."

Tari ya sarƙe ta har sai da ta dafa bango. Na tsaya ina kallon zanin. In na yi shiru, nasara tawa ce, Dakta kuwa ya riga ya fara haɗa kaya. Na daɗe a tsaye kafin na ciro shi na kai masa.

Bai yi mini dariya ba, da ma ya yi da na fi samun sauƙi. Ya shinshina zanin, ya ce akwai leda a ciki, gwaji zai nuna sinadarinta daban da na itace. Ya sa sabuwar takarda, ya durƙusa ya ce, "Inna, a bar ta ta yi datti, dattin nake nema." Ta ce, "To, ikon Allah. Kai da kayanka."

Bayan magariba muka shigo Kazaure. Hassadar tana nan, ba zan yi muku ƙarya ba, har yanzu gidan gaban nan yana tsaya mini a rai. Jibi zan kai Inna asibiti, na kuma yi magana da magini ya fasa taga a madafar. Tafiyar ta nuna mini abin da ke cikin iskar garuruwa uku, ta kuma nuna mini wanda ke cikina: uwata tana dafe da bango tana tari, ni kuma sai da na tsaya shawara kafin na zaɓe ta.